Canja Mataccen Batirin Mota a Gida a Ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Batirin mota akwati ne na roba mai ɗakuna shida, kowane ɗaki da farantan dalma a tsome cikin ruwan asid. Ɗaki ɗaya yana ba da wutar da ta kai bolt 2.1, shidan a haɗe suna ba da bolt 12.6 idan batirin ya cika. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859. A 1912 motocin Cadillac na Amurka suka fara fitowa da sitata mai aiki da lantarki, aka fara hutawa da murza ƙarfe a gaban mota, tun daga nan kuma tashin mota ya rataya a wuyan batir. Aikinsa mafi nauyi na 'yan daƙiƙu ne: ya juya sitata har inji ya kama. Da inji ya tashi sai altaneta ta karɓi aiki, ta ciyar da fitilu da sauran kayan wuta, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe.

Gundumomin Gidan Rumji, Agye da Gazawa na jihar Maraɗi duk suna kan hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, kwaltar da ta taso daga Yamai ta biyo ta Ƙonni da Madawa, ta ratsa Gidan Rumji da Tsibiri, ta wuce Maraɗi, sannan ta miƙe gabas ta Cadawa, Agye da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram. Garejoji da shagunan kayan mota a bakin wannan kwalta suke, manyan dillalai kuwa suna birnin Maraɗi, kimanin kilomita 80 daga Agye, kimanin 50 daga Gidan Rumji. Amma ba a bakin kwalta motoci da yawa suke kwana ba. Masu kai mutane cin kasuwannin ƙauye, da a-kori-kura masu ɗaukar gero da gyaɗa da aya, da motocin da ake dogaro da su wajen kai mara lafiya asibiti cikin dare, a garuruwan da sai an keta rairayi suke kwana. In batir ya mutu a irin wannan wuri, ɗoro sabo a bayan kabu-kabu ya fi ɗauko makanike sauƙi, balle janyo mota. Shi ya sa canja batir a ƙofar gida ya zama aikin da mai mota ko yaron motarsa ke yi da kansu. Bai wuce aikin rabin awa ba, sai dai yana da tsarin da in aka saɓa masa ana iya ƙona kayan wutar mota ko a rasa ido.

Abin da ke cinye batir a wannan ƙasa

Zafi ne babban makashinsa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet kusa da inji kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙiyasin da masu ƙera batir ke aiki da shi shi ne, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage kusan rabin kwanan batirin dalma. Zafi yana ƙafar da ruwan cikinsa, yana kuma gaggauta zaizayar ragar dalmar da ke riƙe da farantai. Da ruwa ya ja baya ya bar saman farantai a fili, wurin da ya bushe ya lalace ke nan, ko an ƙara ruwa daga baya ba ya komawa yadda yake. Batirin da zai yi shekara 4 zuwa 6 a ƙasashen sanyi, a nan in ya kai 2 ko 3 ya yi ƙoƙari.

Abin da ke rikita mutane shi ne, ba da bazara batir ya fi nuna gazawarsa ba, da hunturu ne. Da asubar Disamba ko Janairu man inji ya yi kauri, sitata tana neman wuta fiye da kullum, shi kuma batir sanyi ya rage masa kuzari. Motar dizal ta fi shan wannan wahala. Sai mai mota ya ɗora wa sanyi laifi, alhali tun bazarar da ta wuce aka yi ɓarnar.

Na biyu girgiza. Hanyoyin burji masu tunga-tunga da ramukan da damina ke bari suna jijjiga batir, sinadarin da ke manne da farantai ya riƙa zubewa yana taruwa a gindin ɗaki, har ya haɗa farantan da bai kamata su taɓa juna ba. Motoci da dama maɗaurin batirinsu ya ɓace tun tuni, an maye gurbinsa da igiya ko robar tsohon tif, wasu ma ba komai. Batirin da ke rawa a mazauninsa ba ya daɗewa.

Na uku zama. Motar da ba ta fita sai ranar kasuwa, ko wadda aka jingine har damina ta wuce, batirinta yana rasa wuta da kansa, zafi kuma yana ƙara saurin hakan. In batir ya daɗe ba caji, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantai, bayan makonni ya taurare har caji ya kasa narka shi. Haka abin yake ga motar da ba ta yin sai gajeruwar tafiya, daga gida zuwa tasha, a kashe, a sake tayarwa: abin da sitata ta ɗiba bai kai ga dawowa ba an kuma ɗiba. Ga kuma al'adar jona wayoyin unguwa ko kunna rediyo da fitila a wurin biki inji na kashe. An gina batirin mota ne don ya ba da wuta mai yawa nan take a kuma cika shi nan take. In ana tatse shi ƙaf, sau kaɗan ya isa ya nakasa shi. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon, domin in ta haɗu da danshin asid a saman batir takan zama siririyar hanyar da wuta ke zurarewa tsakanin kawunan biyu.

Tabbatar da cewa batirin ne ya mutu

Ba duk motar da ta ƙi tashi ba ce batirinta ya mutu, kuma kuɗi masu yawa suna salwanta a kan wannan kuskure. Kunne da ido ne ke fara bincike. In an murɗa makulli sitata ta juya da ƙyar, ko aka ji ƙas-ƙas kawai fitilun gaban direba suna dusashewa, wutar da ke isa ga sitata ce ta yi kaɗan. In fitilun hanya suna haske sosai, an murɗa makulli ba su rage ba, sitata kuma ba ta motsa ba, matsalar tana wajen sitata ko makulli ko waya. In kuwa sitata tana juyawa da ƙarfi inji ne ya ƙi kamawa, a nemi dalili wajen mai ko fulogi, batir ba shi da laifi.

Ko da wuta ta yi kaɗan, sai an fara duba zoben ƙarfen da ke matse kan batir, wanda makanikai ke kira kos. Farin gari ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kansa yana tare wuta, haka ma kos ɗin da hannu ke iya juyawa. A bi baƙar waya har inda aka ɗaure ta a jikin mota a ga ko ta yi tsatsa ko ta saki. Motoci da yawa da aka yanke wa batirinsu hukuncin mutuwa, kankare kos da ɗaure noti kawai suke bukata.

Ƙaramar mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo da wayar hannu tana raba gardama. Bayan mota ta huta awa ɗaya ko fiye, bolt 12.6 na nufin batir cike yake, 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa zama fanko. In mita ta tsaya wajen 10.5 ko bayan caji, ɗaki ɗaya cikin shida ya mutu, kuma wannan ba shi da magani. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata awon ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Awo mafi muhimmanci shi ne wanda ake yi inji na aiki: ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. In bai kai 13 ba, altaneta ba ta caji, ko dai fambel ya saki ko ita kanta ta lalace. In ya haura 15, tana dafa batir ne, alamarsa warin ruɓaɓɓen ƙwai da ƙafewar ruwa da wuri. Batir randa ce, altaneta ce mai ɗebo ruwa. In ba a ɗebowa, sabuwar randa ma kwana kaɗan za ta yi ta ƙafe. Wanda ya sa sabon batir a motar da ba ta caji zai koma shago cikin mako guda yana zargin mai shago.

Akwai kuma motar da ke satar wuta da dare, ta hanyar rediyon da aka jona kai tsaye, ko fitilar but da ba ta mutuwa, ko wayar da ta goge. Gwajin mai sauƙi ne: a cire baƙar waya da yamma a mayar da safe. In mota ta tashi lafiya, ɓarawon yana cikin mota.

Batirin da ya huce kawai, misali an manta fitila a kunne, caji yake so. Wani kaso na wutar kamfanin lantarki Nigelec da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake shigowa, ta layin kilobolt 132 da ke sauka a tashar Gazawa, don haka manyan garuruwan bakin kwalta ba sa rasa mai cajin batir. A ƙauye sai janareta ko sola. Caji mai kyau a hankali ake yin sa, da wutar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na girman batirin ba, wato amfiya 6 ga batir mai girman Ah 60, na tsawon awa 10 zuwa 12. In an caje shi ya kwana ya sake faɗuwa, ko gefensa ya kumbura, ko ya tsage, ko ruwan ɗakunansa ya yi baƙi, to lokacin saye ya yi.

Zaɓen sabo

Yawancin motocin yankin na Japan ne, Toyota musamman, irin su Corolla, Hiace, Hilux da Land Cruiser, kuma akasari na hannu aka shigo da su. Batirinsu yana ɗauke da lamba irin 55D23L. Adadin farko ƙarfinsa ne, harafin tsakiya ajin faɗi da tsayinsa, 23 tsawonsa ne a santimita, harafin ƙarshe kuma, L ko R, yana nuna ɓangaren da kowane kai yake. Wannan harafi na ƙarshe shi ne aka fi yin sakaci da shi, alhali in aka sayo na ɗaya ɓangaren wayoyin mota ba za su kai ba, ko kuma mai gaggawa ya jona su a juye. Ƙananan batura masu harafin B kawunansu sirara ne, kos ɗin babban batir ba ya kama su. Peugeot da Marsandi da Toyotar da aka ƙera a Turai kuwa wani fasali suke amfani da shi, gajere, mai leɓe a gindi inda maɗauri ke kamawa. Mafi aminci shi ne a tafi shago da tsohon batirin. In ba hali, a ɗauki hotonsa da waya yana kan mota, a auna tsawo da faɗi da tsayin mazauninsa da zare.

Girman batir ana rubuta shi da Ah. Ƙananan motocin fetur suna ɗaukar 45 zuwa 60, motocin dizal irin Hilux da Hiace 70 zuwa 100. Wanda ya ɗan fi na asali girma ba ya cutar da mota muddin ya zauna daidai kuma bonet ba ya taɓa kawunansa. Wanda bai kai ba shi ne asara, domin kullum a ƙure yake aiki.

Akwai batir mai murafu da ake buɗewa a ƙara ruwa, akwai rufaffe. A ƙasa mai zafi irin wannan mai murafu yana da fifiko ga wanda zai riƙa duba shi kowane wata. Wanda ya san ba zai duba ba gara ya ɗauki rufaffe. Wasu masu murafun a bushe ake sayar da su, sai an saya ake zuba asid, kuma wannan yana da amfani domin busasshen batir ba ya tsufa da sauri a shago. Bayan an zuba a bar shi ya jiƙa kamar rabin awa, in da hali a ɗan caje shi kafin a ɗora. Sababbin motocin da injinsu ke mutuwa da kansa in an tsaya suna bukatar batir na musamman mai alamar AGM ko EFB, wasunsu ma sai an sanar da kwamfutar motar cewa an canja. Waɗannan aikin mai gyaran wutar mota ne. Batirin sola kuwa ba na tayar da mota ba ne, ko da ya shiga mazaunin.

Batirin da ke da ruwa a ciki yana tsufa ko ba a taɓa ɗora shi ba, balle a shagon kwano da rana ke duka. A nemi kwanan watan da aka ƙera shi, a fifita wanda bai wuce wata shida ba, a sa mita a kansa a gaban mai shago. In bai kai 12.4 ba a nemi wani. A karɓi rasit mai kwanan wata da sharaɗin garanti. Game da batura na hannu da waɗanda aka wanke aka zuba musu sabon asid, araha ba ta ado. Sabon asid yana ɗaga awon mita na 'yan kwanaki, amma ba ya mayar da farantan da suka zube.

Aikin kansa

Kayan da ake bukata kaɗan ne: sufana mai lamba 10, da 12 ko 13 don maɗauri, buroshin waya ko samfefa, tsumma, bokitin ruwa mai tsabta, ɗan giris, da ruwan kanwa a kofi. Kanwa tana kashe kaifin asid, kuma babu gidan da ba a samunta. Tabarau, ko da na 'yan kabu-kabu ne, da safar hannu ta roba suna da amfani ƙwarai. A yi aikin a fili, cikin inuwa, inji a sanyaye, nesa da murhu da taba da fitilar kananzir. Batir yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke kamawa da wuta in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa akwatin ya watsa asid a fuska. A cire zoben hannu da agogon ƙarfe. A kori yara daga wurin.

A kashe inji, a ja birkin hannu, a kashe fitilu da rediyo, a zare makulli a sa a aljihu, domin wasu motoci suna kulle ƙofofinsu da kansu in wuta ta dawo. A jira 'yan mintoci. Daga nan a tantance kawunan biyu. Ɗaya yana da alamar +, shi ne mafi kauri, galibi da jar waya ko jan murfi. Ɗayan yana da alamar −, wayarsa gajeruwa ce, tana tafiya kai tsaye jikin mota. Kada a dogara da launin waya kaɗai: tsohuwar mota ta ratsa hannun makanikai da yawa, ana samun jar waya a inda baƙa ya kamata ta kasance. Alamar da ke jikin batir da inda waya ta nufa su ne shaida.

Wayar − ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. Dalilin shi ne duk ƙarfen jikin mota a haɗe yake da wannan kai. In aka fara da kan +, sufana ta goga jikin mota, wuta ta amfiya ɗaruruwa za ta bi ta cikinta nan take, ta yi ja, ta ƙona hannu, ta iya manne wa ƙarfe ko ta fasa batir. In kuwa an riga an cire wayar −, hanyar ta yanke, ko sufana ta taɓa jikin mota babu abin da zai faru. Abin da ya rage a kiyaye shi ne kada ƙarfe ya haɗa kawunan biyu, don haka ba a ajiye sufana a kan batir.

A sassauta notin kos, a murɗa shi hagu da dama yana hawa sama. In ya ƙi, a ɗan buɗa bakinsa da sukundireba. Ba a dukan sa da dutse ko guduma, ba a kuma banƙare shi da ƙarfe. A lanƙwashe wayar gefe a naɗe bakinta da tsumma don kada ta dawo ta taɓa kan. Sai a cire wayar +, sannan maɗauri. Batirin mota yana da nauyin kilo 12 zuwa 25, na manyan motoci ya fi haka. A ɗaga shi a tsaye da hannu biyu, nesa da riga, a ajiye inda ba za a yi tuntuɓe da shi ba.

Kafin a ɗora sabo a wanke mazaunin da ruwan kanwa har kumfa ta daina tashi, a ɗauraye, a bushe. A kankare cikin kos biyun har ƙarfe ya yi haske, a goge kawunan sabon batir. Ruwan kanwa ba ya shiga cikin ɗakunan batir, sabo ko tsoho, domin zai kashe asid ɗin da ke aiki. A zaunar da sabon yadda tsohon yake, a sake duban alamomin sau biyu. Jona batir a juye, ko na daƙiƙa ɗaya, yana iya ƙona altaneta da babban fis da kwamfutar mota, ɓarnar da ta ninka kuɗin batir sau da yawa. A ɗaure maɗauri har batir ya daina motsi, amma ba har akwatin ya lotsa ba. In babu maɗauri, maƙeri ko mai walda na iya yin sa da ɗan ƙarfe da dogayen kusoshi biyu, kuma kuɗinsa bai kai asarar batir ɗaya ba.

Yanzu wayar + ce farko, a tura kos har gindin kai, a ɗaure noti, a mayar da murfinsa. Sai wayar −. Ɗan ƙaramin tartsatsi lokacin da ta taɓa ba komai ba ne. Babba mai ƙara yana nufin an bar wani abu a kunne ko an juya wayoyi, sai a janye nan take. Kos ɗin da ya ɗauru hannu ba ya iya juya shi. In ya buɗe har noti ya ƙure bai kama ba, sabo ake saya. Cusa ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani, wanda ake yawan gani, yana rage wurin da wuta ke bi, wurin ya yi zafi, kan batir ya narke. Bayan an ɗaure ne ake shafa giris a waje, ba kafin ba.

A tayar da mota a sake awo, a tabbatar 13.8 zuwa 14.5 ɗin nan tana nan, fitilar batir ta gaban direba kuma ta mutu. Agogo da tashoshin rediyo za su goge, wani rediyon zai nemi lambar sirri, inji na iya ɗan rawa na ɗan lokaci kafin kwamfuta ta daidaita. Manyan motoci da wasu motocin dizal batir biyu gare su, wasu a haɗe don su ba da bolt 24. Waɗannan tare ake canja su, iri ɗaya, girma ɗaya, kuma a ɗauki hoton wayoyin kafin a taɓa komai. Motoci masu haɗa fetur da lantarki irin Prius suna da wayoyi ruwan lemo masu ɗauke da wutar da ke kisa, ba a kusantar su a gida.

In asid ya taɓa fata a wanke da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, ba kanwa, ba nono, ba wani magani, sannan a nufi ɗakin shan magani mafi kusa ba tare da jiran a ga yadda zai kwana ba.

Aron batir

Akwai dabarar da ta zama ruwan dare a tashoshin mota da ƙauyuka: a aro batirin maƙwabci a tayar da mota, sannan inji na aiki a cire shi a mayar da mataccen. A tsofaffin motocin da ba su da kwamfuta an daɗe ana yin haka ana tsira, shi ya sa ake ganin ba laifi. Amma batir ba ajiyar wuta kaɗai yake yi ba, shi ne ke danne hauhawar wutar altaneta. In aka zare shi inji na gudu, wutar na iya tsalle ta haura abin da kayan mota ke jurewa sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Motocin da ake shigowa da su yanzu kusan duk masu kwamfuta ne, kuma kwamfutar da ta ƙone ba a samun ta a Agye ko Gidan Rumji, sai an aika Maraɗi ko Kano. Gwajin altaneta ta hanyar cire waya inji na aiki haɗarinsa ɗaya ne, haka ma gwajin batir da goga waya tsakanin kawunansa a ga tartsatsi.

Hanyar da ta dace ita ce wayoyin jona mota da mota masu kauri. Ja daga kan + na mataccen zuwa kan + na mai rai, baƙa daga kan − na mai rai zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir. A bar mai ran ta yi aiki 'yan mintoci kafin a gwada, a kuma cire wayoyin daga ta ƙarshe zuwa ta farko. Ba a jona babbar mota mai bolt 24 da ƙarama mai 12. Turi yana tayar da mota mai giyar hannu in batirin yana da sauran wuta, mai canja giya da kanta kuwa ba ta tashi da turi.

Sabon batir mai murafu ana duba ruwansa kowane wata, da bazara ma kowane mako biyu, ruwan ya rufe farantai da kamar santimita ɗaya. Tataccen ruwan da ake sayarwa don batir kaɗai ake ƙarawa. Ruwan rijiya da na famfo suna da gishirin da ke lalata farantai, asid kuwa ba a ƙara shi domin ba shi ne ke ƙafewa ba. Motar da za ta daɗe a ajiye a cire mata wayar −, a kuma caje batirin duk wata ɗaya ko biyu.

Tsohon batirin

Fiye da rabin nauyin batir dalma ce, kuma kimanin kashi 85 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita a batura take ƙarewa. Shi ya sa mataccen batir yake da kuɗi, masu sayen tsofaffin ƙarafa suke bin sa gari gari. Shi ya sa kuma yake da haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ƙananan yara ta fi kamawa: tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta kawo ƙarancin jini, in ta yi yawa ta kawo suma da farfaɗiya da mutuwa. Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga daka duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Irin wannan na dalmar batir kuwa ya faru a unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda an daɗe ana fasa tsofaffin batura a unguwar har ƙasar wurin ta cika da dalma. Rahoton da UNICEF ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, yana da dalma a jini a matakin da ke bukatar a ɗauki mataki, ya kuma sa fasa batura ba bisa ƙa'ida ba cikin manyan dalilai.

Don haka ba a fasa batir a gida, ba a narka dalmarsa a kan murhu, ba a zubar da ruwansa a tsakar gida ko kusa da rijiya ko a masai, domin ruwan ma yana ɗauke da dalma. Akwatinsa ba ya zama kwanon shan ruwan kaji ko awaki, ba ya zama kujerar yara. Batirin da ya kasa tayar da mota yakan iya kunna ƙwan fitila ko cajin waya na 'yan watanni in an haɗa shi da ƙaramin allon sola, kuma gidaje da yawa haka suke yi. In za a yi hakan, a ajiye shi a wuri mai iska, ba ɗakin kwana ba, a sama inda hannun yaro ba ya kai.

In ya gama aiki gaba ɗaya, a mayar da shi ga mai shagon batir ko mai sayen ƙarafa yadda yake, da ruwansa da murafunsa a ɗaure. Masu shago da yawa suna rage kuɗin sabo in an kawo tsoho. Wajen ɗauka a tsayar da shi cikin roba ko tsohon buhun leda, a ɗaure shi kada ya kife, ko a but ko a bayan babur, kuma ba a haɗa shi wuri ɗaya da buhun hatsi ko jarkar ruwan sha. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko ya ɗauki yaro, tsumman da aka goge batir da su kuma a haɗa su da tsohon batirin a fitar da su daga gida.